Tibibibiri: Yadda zaurance ke tona asirin ginin harshen Hausa

A ɗaya daga cikin salon zaurance da aka sani a ƙasar Hausa, sunan garin Tibiri yakan koma "Tibibibiri". Dutsi ta zama "Dubutsi", Dosso ta zama "Dobosso", Yamai kuwa "Yabamai".

Wanda bai saba ba zai ɗauka surutu ne kawai na yara. Amma duk wanda ya taɓa zama a dandali da farin wata, ko ya ji 'yan mata biyu suna gulmar saurayi a gaban idonsa ba tare da ya tsinci ko kalma ɗaya ba, ya san cewa abin yana da doka. Wanda ya karya dokar, nan take za a yi masa dariya.

Tibirin da ake magana ba ta Gobir ba ce da ke kusa da Maraɗi. Wannan tana cikin jihar Dosso, a kwarin Dallol Mawri, kudu da Dogon Dutsi, kusa da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya. A da tana ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙasar Arewa ce, ƙasar Arawa, kuma Hausar wurin tana da nata ɗanɗano da ake kira Arewanci.

Kamar sauran garuruwan yankin, matasa da yawa na barin gida bayan kaka su tafi bida: Yamai, Sakkwato, Legas, Kwatano, Abijan. Wasu su dawo da damina, wasu su zauna can har su yi iyali. Cikin abubuwan da ba a cika lura an bari a gida ba akwai wannan ɗan ƙaramin harshe da ba shi da littafi, ba shi da malami, ba a kuma san wanda ya ƙirƙiro shi ba.

Mene ne zaurance?

Zaurance hanya ce ta sakaya magana ta hanyar sauya surar kalmomi bisa wata ƙa'ida da masu yi suka sani. Akwai masu danganta sunan da zaure, wurin hirar samari da almajirai. Ƙarshen kalmar kuwa irin na "a Hausance" da "a Turance" ne, wato Bahaushe ya ba shi suna irin wanda yake bai wa harsuna.

Ya sha bamban da habaici, wanda ke fitar da magana fili amma ya ɓoye wanda ake nufi. Ya kuma bambanta da sara, inda matasa ke ɗaukar tsohuwar kalma su ɗora mata sabuwar ma'ana. Zaurance ba ya taɓa ma'ana. Sauti yake ɓoyewa.

Masana harshe ba su raina shi ba. Farfesa Ousseina Alidou, 'yar Nijar da ke koyarwa a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ta yi digirinta na uku a Jami'ar Indiana a 1997 a kan irin waɗannan wasannin a harsuna shida na Nijar, ciki har da Hausa. Shi ma Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya ware musu babi guda.

Dalilinsu shi ne, abin da yaro ke yi wa kalma a zaurance yana nuna yadda kalmar take a gine cikin kansa.

Inda ake tsaga kalma

Gaɓar Hausa iri uku ce kawai. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a "gida". Akwai baƙi da dogon wasali, kamar "da" a "gida". Sai kuma baƙi da wasali da baƙi, kamar "san" a "sanda". Duk wata kalmar Hausa daga waɗannan tubala uku aka gina ta.

Shi ya sa idan baƙuwar kalma ta zo da baƙaƙe a cunkushe, bakin Bahaushe yakan sa mata wasali ya warware su, kamar yadda aka samu "burodi" da "firamare".

Salon zaurance mafi sauƙi shi ne na "b". Bayan wasalin kowace gaɓa sai a sa "b", a maimaita wasalin, a bar gaɓar ƙarshe yadda take. "Gida" ta koma "gibida", "hatsi" ta koma "habatsi".

Akwai na "gada", wanda ya fi tsawo. "Kasuwa" ta zama "kagadasuguduwa", "bulala" ta zama "bugudulagadala". Ana kiran sa da "gada", amma wasulansa ba tsayayyu ba ne. Bayan "ka" a ce "gada", bayan "su" a ce "gudu", bayan "ti" a ce "gidi". Da wannan salon Tibiri za ta zama "Tigidibigidiri".

Akwai kuma na "asada", inda "nono" ke zama "no'osodono".

Wani salon ba ya ƙara komai, juya gaɓoɓi yake yi: "gida" ta zama "dagi", "kuɗi" ta zama "ɗiku". Matasan Nijar da ke sauraron waƙoƙin Faransa sun san ɗan'uwansa, wato verlan, inda "merci" ke zama "cimer", "fou" ta zama "ouf". Sunan mawaƙin Beljiyam Stromae ma "maestro" ne aka juya.

Abin da yaro ya sani, bai san ya sani ba

A nan ne abin yake da daɗi. A ɗauki kalmar "sanda". Gaɓoɓinta biyu ne, "san" da "da". Wanda ya koyi dokar a takarda zai iya cewa "sanbanda" ko "sanbada". Amma a salon "b" abin da ake faɗi shi ne "sabanda", a na "asada" kuma "sa'asadanda". Ana tsaga gaɓar ne daidai bayan wasali, sai "n" ɗin ta matsa gaba ta jira a ƙarshen abin da aka cusa.

Haka "sarki" ke zama "sabarki", "takalmi" kuma a salon "gada" ta zama "tagadakagadalmi". Babu wanda ya zaunar da yaro ya ce masa gaɓa tana da kai da ciki da wutsiya. Amma harshensa ya san inda mahaɗar take, kamar yadda mahauci ya san inda zai sa wuƙa.

Sai kuma baƙaƙen da ake rubutawa da haruffa biyu, irin su "ts" da "sh" da "ky" da "gw" da "ƙw". A rubutun boko suna kama da sautuka biyu, har ɗalibi ya rikice. Zaurance ba ya rikicewa. "Ƙwarya" takan zama "ƙwabarya", babu mai raba "ƙ" da "w". Wannan shaida ce cewa a kunnen Bahaushe "ƙw" sauti ɗaya ne, rubutu ne kawai ya ba shi haruffa biyu.

Tagwan wasali "ai" da "au" sun daɗe suna jawo muhawara tsakanin masana. A ajami ana rubuta "ai" da wasali da baƙin "ya" mai ɗauri, kamar dai gaɓa ce da ta ƙare da baƙi. Da haka take a bakin mutane, da sunan Maimuna ya bi hanyar "sanda", an ce "Mabaimubuna". Amma misalin da masana suka rubuta shi ne "Maibaimubuna". An kwafi "ai" gaba ɗayanta, an ɗauke ta wasali guda.

Salon "asada" kuma yana fito da wani baƙi da rubutu ke ɓoyewa. Babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali a furuci. "Aiki" da "ido" da "uwa" duk suna da hamza a gaba, ba a dai rubuta ta. Da an cusa "asada" a tsakiyar kalma sai hamzar ta bayyana fili, shi ya sa ake jin ɗan tsaiko a "no'osodono".

Gari ko gari?

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tsawon wasali na bambanta ma'ana. "Gari" na zama da mutane gajeren "a" gare shi. "Gari" na tuwo dogon "a" gare shi. Kunne na jin bambancin ko da alƙalami bai nuna ba.

Zaurance yakan baje wannan bambanci. A salon cusawa, dogon wasali yakan gajarce, karin sautin kalma na asali kuma yakan kauce, a maye gurbinsa da wani kari na hawa da sauka da ke maimaita kansa kamar kiɗa. Don haka garin zama da garin tuwo duk su zama "gabari".

Wannan kiɗan shi ne rabin sirrin. Mai saurare ya saba gane kalma tun daga amonta, to an ɗauke amon, an ninka gaɓoɓi, an kuma ƙara sauri. Kalmar tana nan a gabansa amma ba ya ganin ta.

Shi kuwa wanda ya iya, muhallin magana ke yi masa jagora. Idan ana zancen niƙa, ya san wane "gabari" ake nufi. Abin da duk mai karanta Hausar boko ke yi ke nan kullum, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma ba a cika ɓata ba.

Nahawun aro

Ta fuskar sauti zaurance maƙeri ne. Ta fuskar nahawu kuwa ɗan aro ne, bai ƙirƙiri ko doka ɗaya ba.

A salon da ke bin kowace gaɓa da "d", har da ta ƙarshe, "Ina za ki?" takan zama "Idi nada zada kidi?" Amsar "Za ni kasuwa" ta zama "Zada nidi kada sudu wada." Jerin kalmomi bai motsa ba.

Jinsi ma yana nan. "Ya tafi" ta zama "Yada tada fidi", "Ta tafi" ta zama "Tada tada fidi". Korewa mai ƙafa biyu ta Hausa, wadda ke sa "ba" a farko da ƙarshe, ita ma ba ta canza ba: "Bai zo ba" ta koma "Baidai zodo bada."

Jam'in Hausa, wanda ke wahalar da duk baƙon da ke koyon harshen, zaurance bai sauƙaƙa shi ba. Sai mutum ya san jam'in "gida" shi ne "gidaje" kafin ya ce "gibidabaje", sai ya san na "doki" shi ne "dawaki" kafin ya ce "dabawabaki".

Ma'ana, mai zaurance aiki biyu yake yi lokaci guda. Ya gina jimlar Hausa cikakkiya a ransa, sannan ya bi ta gaɓa-gaɓa yana sauya mata riga, duk a cikin saurin hira. Mai saurare kuma ya cire rigar da irin wannan saurin. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ba zai iya ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Bakin Arewa

Da yake zaurance a kan maganar baki yake hawa, ba a kan rubutu ba, duk karin harshen da ya tarar shi yake ɗauka.

Arewanci na cikin kare-karen Hausar yamma, tare da Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci. Inda Bakano zai ce "fari" da "tafi", a nan "hwari" da "tahi" ake ji. Inda zai ce "muka" da "suka" da "aka", a nan "munka" da "sunka" da "anka" ne. "Shi ne" da "ita ce" kuwa su koma "shi na" da "ita ta".

Sunan Dogon Dutsi kansa shaida ne. Rubutun Faransanci na "Dogondoutchi" da "tch" ya biyo yadda mutanen yamma ke furta "ts" idan ta zo gaban "i" ko "e", tana karkata wajen "c".

Saboda haka abin da Bakano zai mai da "muka tafi" a salon "b" shi ne "mubuka tabafi", na Ba'are kuwa "mubunka tabahi". An ɓoye maganar, amma ba a ɓoye garin mai maganar ba.

Yankin ya kuma taɓa ganin wani ƙirƙirarren harshe na daban. Wajen 1925, a ƙasar Filinge, an samu ɓullar wasu iskokin bori da ake kira Hauka, ko Babule, waɗanda suka bazu har Arewa. Masu hawansu kan kwaikwayi sojoji da jami'an mulkin mallaka, suna magana da wani harshe mai kama da Faransanci. Hukumomin Faransa sun ɗauki abin a matsayin tawaye, sun kama mutane. Daga baya Jean Rouch ya ɗauki 'yan Hauka da ke ci-rani a Ankara ta Gana a fim ɗinsa "Les maîtres fous" na 1955. Su sun ari amon harshen mai mulki, zaurance kuwa na gida ya ɗauka ya juya.

Masu ƙirƙira da alƙalami

A wasu wurare mutum ɗaya ne kan zauna ya tsara harshe tun daga tushe. Mafi shahara shi ne Esperanto, wanda likitan ido L. L. Zamenhof ya wallafa a birnin Warso a 1887. Ya tsara nahawunsa cikin dokoki 16. Kowane suna yana ƙarewa da "o", kowace sifa da "a", jam'i kuma da "j". "Domo" gida ne, "domoj" gidaje. "Mi iras" ina tafiya, "mi iris" na tafi, "mi iros" zan tafi. Babu "doki" da "dawaki" a nan, doka ɗaya ce ga kowa.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Sarkin Bamun Ibrahim Njoya na Fumban a Kamaru, wanda ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu, ya kuma tsara harshen fada na sirri mai suna Shumom wajen 1912, inda ya ɗebo kalmomi har daga harsunan Turai ya ba su sabuwar ma'ana.

A 1965 Alex Igbineweka ya fara tsara Guosa domin Najeriya, yana haɗa kalmomin Hausa da Yarabanci da Ibo da wasu harsunan ƙasar. A 1970 K. A. Kumi Attobrah na Gana ya fito da Afrihili domin nahiyar baki ɗaya. A Afrihili suna yana farawa da wasali ya ƙare da wasali, kuma ana yin jam'i ne ta hanyar mai da wasalin farko irin na ƙarshe: "omulenzi" yaro, "imulenzi" yara.

Masu kallon fina-finai sun san wasu. Marc Okrand ya tsara Klingon domin fim ɗin Star Trek na 1984, ya kuma juya jerin jimla da gangan don ta yi baƙunta: abin da aka yi wa aiki a farko, aikatau a tsakiya, mai aikin a ƙarshe. David J. Peterson shi ya gina Dothraki na Game of Thrones.

Waɗannan duka suna da abin da zaurance ba shi da shi, wato nasu kalmomi da nasu nahawu. Sai dai ban da Esperanto, wanda ya samu masu magana a ƙasashe da dama har da ƙalilan da suka tashi da shi tun daga gida, yawancinsu sun fi rayuwa a takarda da allon talabijin. Guosa da Afrihili an yi su ne don haɗa miliyoyin mutane, amma har yau babu kasuwar da ake ciniki da su.

Zaurance bai taɓa neman haɗa kowa ba. An yi shi ne don a ware wani: ƙane mai kai rahoto, baƙo, uwar da ke kasa kunne. Duk da haka ya ratsa zamani bayan zamani ba tare da ƙamus ba, domin mai koyo ba ya buƙatar haddace komai. Doka ɗaya ce, sauran duk yana da shi a baki.

Abin da ke iya salwanta

Ƙarfin zaurance shi ne kuma rauninsa. Daga yaro zuwa yaro yake tafiya, a dandali da bakin rijiya da hanyar makarantar allo. Babba ba ya koya wa ɗansa, tun da asali don a ɓoye wa babba aka yi shi. Idan sahu ɗaya na yara ya tashi bai koya ba, babu littafin da za a koma a ɗauko shi.

Yau kuma wayar salula ta karɓe masa aiki. Budurwar da ke son faɗa wa ƙawarta sirri a gaban mutane ba sai ta ninka gaɓoɓi ba, saƙo za ta tura. Hirar dare ta samari ta koma fada, wajen shayi da waya, inda sara da gaurayen Hausa da Faransanci suka fi tashe.

Ga 'ya'yan da aka haifa a Abijan ko Kwatano ko Turai, lamarin ya fi haka zurfi. Yaro na iya gaishe da kakarsa a waya, ya fahimci aike, ya bi fim ɗin Kannywood. Amma Hausar fim galibi ta Kano ce, ba ta da "munka" ba ta da "hwari". Kuma jin harshe daban, iya wasa da shi daban.

A watan Maris na 2025, sabon kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Duk harshen da ya shiga ofis da aji, daidaitacciyar sigarsa ce ke shiga. Kare-karen harshe irin Arewanci, da wasannin baki irin zaurance, ba su cika samun kujera a can ba.

Alhali malamin da ke son koya wa ɗan firamare mene ne gaɓa da wasali ba shi da kayan aikin da ya fi wannan. Yaron da ya iya mai da "sanda" ta zama "sabanda" ya riga ya san darasin, suna kawai ya rage a ba shi.

Wayar da ta rage masa kasuwa ita ce kuma za ta iya adana shi. Saƙon murya na WhatsApp yana ɗaukar abin da rubutu ba ya ɗauka, wato kari da sauri da tsawon wasali, kuma shi ne abin da iyalai da yawa ke amfani da shi tsakanin gida da masu bida. Iyaye mata da gwaggwanni da suka yi tashen zaurance a ƙuruciyarsu suna nan da ransu, kowace da salon unguwarsu.

Ɗan Tibirin da ke zaune a Legas ko Faris zai iya gwada ɗansa yau da dare ba tare da littafi ba. Ya faɗa masa dokar sau ɗaya, ya ba shi "gida", ya ba shi "sarki", sannan ya ba shi "Maimuna". Idan yaron ya ce "Maibaimubuna" ba tare da ya tsaya tunani ba, to Hausar ta zauna.